Amsar tambaya kan zaɓen alamomin DNA na tantance irin shuka

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu da ya ce ya ɗebo SNP 20 (alamomi ne, wuraren da harafi ɗaya na DNA ke bambanta tsakanin iri) mafi girman PIC (ma'aunin ƙarfin alama wajen bambanta iri) amma har yanzu wasu iri na fito masa kamar tagwaye, to ga inda gizo ke saƙar. PIC alama ɗaya yake aunawa ita kaɗai, ba ruwansa da ta kusa da ita. In alamomi biyar na manne a wuri guda kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da DNA), tare ake gadonsu, labari ɗaya za su ba ka har sau biyar. Kuma SNP mai fuska biyu (ɗaya daga harafi biyu kacal ke zama a wurin) PIC ɗinsa ba ya wuce 0.375, shi ya sa na saman duk kunnen doki suke yi.

Fara da tankaɗe a PLINK, manhajar nazarin bayanan DNA. Zubar da duk alamar da ta rasa sakamako a sama da kashi 10 cikin 100 na samfuranka, da wadda MAF ɗinta (kason fuskar da ta fi ƙaranci a samfuran) bai kai 0.2 ba, sannan ka rage mannannun da umarnin indep-pairwise na PLINK ɗin.

Yanzu ainihin aikin. Kwamfuta ta jera irin nan bibbiyu. In kana da iri 200, haɗi 19,900 ke nan. Ta ɗauki alamar da ta raba haɗi mafi yawa, ta soke waɗanda aka raba, ta sake neman wadda ta fi raba ragowar, haka har su ƙare. Wannan dabara ba lallai ta ba ka mafi ƙarancin adadi ba, don haka ka maimaita kana sauya alamar farko, ka kwatanta. A lissafi alama 8 ta isa iri 256 in tsarkakakkun layuka ne (waɗanda fuskar da suka gada daga uwa da uba ɗaya ce), amma a zahiri sai ka ƙara, saboda iri 'yan gida ɗaya ne.

Kada ka yarda da bambanci a alama ɗaya tak, kuskuren karatu guda ya isa ya rusa shi. Ka sa sharaɗin kowane iri biyu su saɓa a alama 3 aƙalla. Kuma ka leƙa rubutun shirin kwamfutarka da kyau, sau da yawa gurbin da ba sakamako ake ƙirga shi a matsayin bambanci, sai teburi ya yi kyau na ƙarya.

Af, in KASP za ka yi (gwajin gano fuskar SNP a ɗakin bincike), duba harafin DNA 50 hagu da dama da alamar kada wani SNP ya zauna a ciki, don firaima (guntun DNA da ke kama wurin a gwajin) na iya ƙin kamawa. A alkama kuwa mai kwafi shida na kowane kuromosom, tabbatar wurin na jinom (rukunin kuromosom) ɗaya ne cikin ukun da take da su. Wassalam.