Abokina Ya Rasu a Zaman Dirshan na Khartum, Shin Mutuwar Hawarijawa Ya Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina karatu a Khartum, babban birnin Sudan, a 2019 lokacin da jama'a suka yi zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja. Abokina ɗan ƙasar, ɗalibin likitanci, yana wata rumfa yana ɗaure wa mutane rauni aka harbe shi ranar 3 ga Yuni, ana shirin sallah. Wani ɗan'uwa ya ce kada in yi masa addu'a, wai mutuwar Hawarijawa ya yi, wato masu yi wa shugaban Musulmi tawaye. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Ka yi masa addu'a, Musulmi ne. Ɗan'uwan nan ya yi gaggawa, ya zuba abubuwa uku a ƙwarya ɗaya.

Abin da nassi ya hana shi ne fito-na-fito da shugaba don ƙwace mulki. A hadisin Ubada ɗan Samit na Buhari da Muslim, sahabbai sun yi mubaya'a ba za su ja da masu mulki ba sai sun ga kafirci ƙarara da hujja daga Allah. Mai auduga da bandeji a hannu bai shiga nan ba.

Haɗa kai don tsare haƙƙin wanda aka zalunta kuwa yana da asali. Wani falke daga Yaman ya kawo haja Makka, As ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗi, sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla Hilful Fudul, wato alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, daga baya ya ce da za a kira shi ga irinsa a Musulunci zai amsa. Ƙungiyar likitoci, lauyoyi da malaman makaranta da ta ja ragamar jama'a bayan kuɗin burodi ya ninka uku a garin Atbara na Sudan a Disamba 2018, da wannan ma'auni ake fara auna ta.

Zanga-zangar lumana ce wurin saɓani. A Maris 2011 majalisar manyan malaman Saudiyya ta haramta ta, alhali Sheikh Yusuf Ƙardawi ya yi huɗubar goyon bayan masu zanga-zanga a dandalin Tahrir na birnin Alƙahira ranar 18 ga Fabrairun shekarar. Abin da na rinjayar: hanya ce, hukuncinta yana bin abin da ake kyautata zaton za ta haifar, da ko akwai masu iya cewa a tsaya a kuma tsaya. A Tunisiya, da al'amari ya cukurkuɗe a 2013, ƙungiyar ƙwadago da ta 'yan kasuwa da lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan'adam ne suka zaunar da 'yan siyasa har aka samu tsarin mulkin 2014. Libiya, inda Gaddafi bai bar irin waɗannan ƙungiyoyi sun yi numfashi ba, bindiga ce ta cike gurbin, makamanta kuma har Mali suka kwarara. 

Wanda ya yi aiki da ɗayan maganganun malamai biyu a mas'alar ijtihadi ba a kiransa Bahawarije, jininsa kuma yana wuyan wanda ya harbe shi. Sai dai kai ma kada ka yanke cewa shahidi ne. Buhari ya ƙulla babi a kan hana faɗin haka. Ka yi masa fatan shahada, ka yi sadaka da niyyarsa, in kana da lambar iyayensa ka riƙa gaishe su. Wallahu a'alam.