Gottfried Semper da rukunai huɗu na gini

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine. Malaminmu yakan ambaci Semper da "rukunai huɗu". Wane ne shi, kuma mene ne amfanin rukunan ga mai zane?

Amsa: Ɗan'uwa, Gottfried Semper Bajamushe ne, an haife shi a 1803, ya rasu a birnin Rum a 1879. A 1834 ya zama farfesa a birnin Dresden na Jamus, inda ya gina babban gidan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) da aka buɗe a 1841. Boren da aka yi a Dresden a watan Mayu na 1849 ne ya sauya masa rayuwa: ya mara wa masu boren baya, har da shi aka girke shingaye a tituna, da abin ya ci tura sai ya tsere zuwa Faris, daga nan Landan. Daga 1855 ya koyar a kwalejin fasaha ta Zurich a Switzerland, shi ne ma ya zana babban gininta. Da gobara ta cinye gidan operar na Dresden a 1869, daga nesa ya zana sabo, ɗansa Manfred ya tsaya kan aikin har aka gama a 1878.

A 1851 ya fitar da ra'ayinsa cewa gini ya tsiro ne daga abubuwa huɗu, kowanne da sana'arsa. Murhu, wanda jama'a ke taruwa a gefensa, na maginan tukwane ne da maƙera. Tudun da aka ɗora gida a kai aikin ƙasa ne da dutse. Rufi da ginshiƙansa na kafinta ne. Na huɗun, wato shingen da ke kewaye ɗaki, shi ne ya fi ɗaukar hankali, don Semper ya ce asalin bango saƙa ce, ba dutse ba. Wanda ya taɓa ganin an kewaye gida da zana ba zai sha wahalar gane wannan ba: zanar tana tsare ido da iska, dirkoki kuma su ke riƙe da ita. Wata bukka ta mutanen yankin Karibiyan da ya gani a baje kolin Landan na 1851 ta ƙara masa ƙarfin gwiwa, don a jikinta kowane rukuni ya fito daban.

A teburin zane, ka tambayi kowane bango: nauyi yake ɗauka, ko tsari kawai yake yi? A ganina nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Idan aka ɗora nauyin rufi kan siririn bangon da aka yi don raba ɗaki, zai tsage, sau da yawa daga kusurwar ƙofa ko taga, inda ya fi rauni. Idan kuma tudun bai ɗaga sosai ba, ko ba a sa abin tare danshi ba, ruwan ƙasa zai hau bangon, filasta ta riƙa ɓarewa daga gindi.