Pampon kamping-kar da ke tashi shi kaɗai, kada ka sayi sabo tukuna

Ɗana na ga saƙonka. Ka ce motar kwana ce anka kawo maka, irin kamping-kar ɗin nasara, an ruhe robine duka amma pampo, ɗan injin da ke turo ruwa daga tanki, shina tashi shi kaɗai ya yi gurnani ya tsaya, bayan ɗan lokaci ya sake, kuma in anka jona mata tiyo daga pampon gari tanki shina cika har ya yi ambaliya. Kana tambaya ko ka aika kasuwar Katako ta Yamai a sawo sabo. To da kuɗɗin wa? Ku yaran yanzu ke nan, abu bai mutu ba kun riga kun haƙa mashi kabari, ku dai a canza piyes a ɗauki hoto a sa a WhatsApp.

Tambayar nan taka ta tuna mani wani bawan Allah da har yau in na ga mai irin tahiyarshi raina shina ɓaci. Kai ba a haihe ka ba lokacin da hanyar Tamanrasset ke da rai, nasara su biyo Assamaka, Arlit, Agadas, su sauko mana nan Tawa kahin su wuce Yamai, wasu da Peugeot 504 ta saidawa wasu da gidansu bisa mota. Nan munka koyi aikin nan, babu waya babu bidiyo, ka buɗe abu ka gane shi ko ka sha mari. To wani dillalin mota ya sayi Mercedes ɗin kwana hannun wasu Jamusawa da sunka gaji da tahiya, ya kawo mani ita ƙarshen 1993 da ciwo iri ɗaya da naka. Na saurara, na buɗe kan pampon, na nuna mashi rairayi da idonshi, nac ce Alhaji wanga wanki ne kawai, ka ba ni na goro ka tahi. Yac ce a'a, shi mai saye zai nuna ma mota, sabo yake so mai kwali, in sawo da kuɗɗina in ya saida sai mu yi lissahi, ai mu ƴan uwa ne. Wani direba da ke zuwa Yamai na ba sallahu, mai shago yac ce sai an aiko daga Faransa, na ba da rabi. Muna jira sai ga Janairun 1994 anka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 cikin dare guda, mai shago yac ce cikon ya ninka, in ba haka ba rabin ma ya tahi. Tumakin gida na saida na cika. Na ɗaura mashi pampo, na canza kolye masu ɗaure tiyo duka, na wanke tanki, ruwa na hitowa lahiya lau. Ranar Juma'a ina masallaci ya zo ya ce ma yarana zai ɗan gwada ta bisa kwalta. Gwajin ke nan har Konni, ya saida ta can ƙetaren iyaka. Kuma abin da ya hi ci mani rai, tsohon pampon da na wanke na aje bisa tebur, wanda ba abin da ya same shi, shi ma ya sa a aljihun mota ya tahi da shi. Da na same shi kasuwa bayan watanni sai yac ce wai aikin ruwa ne kawai, mi anka yi da za ni tada jijiyar wuya. Manya sunka shiga, anka ce in yi haƙuri. Na yi shiru dai, amma kada wani ya ce maka na yahe.

To ka dawo ga motarka. Pampon nan na volt 12 ne, yawanci Shurflo ko Flojet ko Fiamma, shina da ɗan makunni da ke jin ƙarhin ruwa, in ƙarhi ya cika ya kashe, in ya ragu ya kunna. Ke nan in shina tashi robine na ruhe, ruwa na gudu wani wuri, makunnin aikinshi yake yi. Wuri biyu ne: ko gaba shina zuba, ko baya shina komawa tanki. Cire tiyon da ke hita daga pampo ka toshe bakin, ka kunna. In ya cika ya yi shiru bai sake motsi ba, matsalarka na gaba. In ya ci gaba da tashi, kalape ɗin da ke cikinshi, mai hana ruwa komawa baya, shi ne ba ya kamawa. Kai ma da ka yi tunani kaɗan ka riga ka ba kanka amsa, tunda ka ce ruwan gari na cika tanki, ta ina zai bi in ba ta cikin pampon ya koma baya ba? Sai dai ka hwara duba vani ɗin cika tanki, wato makullin ruwan, in motar na da shi, wani lokaci hannun ne bai kai ƙarshe ba.

Kwance kan pampon, za ka ga faranti mai ƴan robobi zagaye, su ne kalape. Ƙwayar rairayi guda in ta zauna ƙarƙashin ɗaya ta isa, kuma ruwan rijiyoyinmu ka san shi. Wanke da ruwa, in akwai hwarin gishiri da ya daskare ka jiƙa cikin binegar, kada ka kuskura ka kankare da turnabis. In robar ta bushe ta yi tauri don zahin rana, wanki ba zai yi ba, ka nemi kalape na tagulla na masu aikin ruwan gida ka sa tsakanin tanki da pampo, dab da bakin pampon, kibiyar jikinshi na kallon wajen robine. Ƙaramar matatar da ke tsakanin tanki da pampo kuma ka buɗe ta, na rantse in ba a cire ta an yar ba to ta tsage.

In kuma gaba ne, ba zan tsaya koya maka duba robine da jwan, robar mahaɗar tiyo, ba, wanga ko mai saida shayi ya sani. Wuraren da kuke mantawa nake hwaɗa maka. Tukunyar ruwan zahi, in Truma ce, tana da vani na zubarwa a ƙasa mai hannu rawaya, in shina kwance a ruhe yake, in ya miƙe ruwa na bin ƙarƙashin mota. Sababbin suna da shuɗin maɓalli da ke buɗe kanshi in sanyi ya kai wajen digiri 3 don kada ƙanƙara ta hwasa tukunya, nan Tawa zai daɗe shina jira, amma motar da ta kwana cikin duwatsun Ayar lokacin ɗari tana iya zo maka da shi a buɗe. Sai bayi, irin Thetford, vani ɗinshi na lantarki in ya ƙi ruhewa sosai za ka ga ruwa na tsiyaya a kwano a hankali. Sai bakin da ake jona tiyon gari, shi ma da kalape ciki, in pampo na aiki ka ga shina ɗiga daga waje to shi ne, kuma kada ka soka mashi ƙusa da ruwa ciki, zoben robar zai kauce.

Tiyon gari kuwa ka daina jona shi kai tsaye babu mai rage ƙarhi, kayan cikin motar nan roba ne, pampon kanshi ƙarhin ruwanshi bai cika wuce bar 2 ko 3 ba.

In ka yi wanga duka ya tabbata sai an sayi wani abu, mai motar ya aje kuɗɗin piyes cas a hannunka kahin ka kira kowa a Yamai, makullin mota kuma aljihunka zai kwana. Gobe bayan la'asar ka kawo mani kan pampon in gani, kuma ka zo mani da kule 13 ɗina da ka ara.