Amsa ga mai neman masu raino: tallar ce ke buƙatar gyara

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce sau uku kina fitar da tallar neman masu raino a gidan rainon yaranki, waya ta yi ta ruri, ki ɗauki mutum biyu, kafin wata ya mutu duk sun gudu. Sannu, wallahi duk mai wannan sana'a ta san ɗacin nan. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, rabin laifin na tallar ne.

Kin rubuta "ana neman mace mai son yara, mai haƙuri, albashi mai kyau". To wa za ta ce ba ta son yara? Wadda ta karanta haka, wasa da waƙa take hangowa. Ba ta hango kunzugu ba, ba ta hango amai ba, ba ta hango yaron da zai yi awa guda yana tsala ihu don uwarsa ta tafi ba. Ki rubuta aikin yadda yake: canza famfas, ɗora yara kan fo, wanke fida, ba da abinci a baki, goyo, rarrashi, goge ƙasa. Wadda ƙyama za ta kora, gara ta kore ta tun a takarda.

Sunan aikin ma ki tsayar da shi. Mai rainon jarirai daban, malamar 'yan shekara 3 zuwa 5 daban, mai shara daban. In kin ce "malama" alhali wanke kashi za ta yi, mai takardar koyarwa za ta zo, ta ga an rage mata daraja, ta tafi. Sai ki faɗi shekarun yaran da yawansu a ɗaki. A Ingila doka ta ce mai raino 1 ga yara 3 'yan ƙasa da shekara 2, 'yan shekara 2 kuma 1 ga 5 tun Satumbar 2023, kafin nan 1 ga 4 ne. Ki auna naki da wannan. Jarirai 9 na buƙatar mutum 3, da ta huɗu mai karɓar wadda ta zaga ko take cin abinci. In mutum ɗaya kike ɗora wa 9, babu tallar da za ta zaunar da ita.

Abin da ya fi ciwo shi ne mai tafiya ba sallama. Ta karɓi albashi ranar Juma'a da fara'arta, Litinin da safe wayarta a kashe. Iyaye na bakin ƙofa suna sauri, yaron da ya saba da ita ya ƙi kowa, ya ƙi fida, ke ce da goyo, ke ce da amsa waya, ga wata uwa tana tambayar "ina Antin ɗana?" ba ki da amsa. Ko saƙo ɗaya ba za ta turo ba, bayan ke kika koya mata yadda ake riƙe jariri! Saboda haka ki sa a tallar cewa akwai gwajin wata 3, kuma mai son barin aiki za ta ba da sanarwar wata 1, a rubuce, da sa hannunta. Ki tambayi mai neman aikin nisan gidanta. Wadda sai ta hau mota biyu, kuɗin mota zai cinye albashin, ba za ta daɗe ba.

Albashi kuwa ki rubuta shi da lamba, daga kaza zuwa kaza, da ranar biya. Lokaci ma na gaskiya: in ana tashi ƙarfe 4 amma sai an ɗauki yaro na ƙarshe, ki faɗa, ki faɗi ko ana biyan ƙarin lokacin. Iyaye masu makara su ma wani babi ne, ki sa musu tara kawai.

Ki nemi mutum 2 masu tsaya wa mai neman aikin, ɗaya lallai inda ta taɓa aiki, ba yayarta ba. Ki kira da kanki, ki ce "za ku sake ɗaukarta?" Shirun da za a yi ya ishe ki. Ki rubuta ƙarara: babu duka, babu riƙe waya a ɗakin yara, babu ɗora hoton yaro a intanet. Ke ma kada ki sa fuskar yaran mutane a tallar.

A ƙasa ki sa ranar rufewa, ki ce a turo saƙon murya na minti 1 a kan tambaya ɗaya: yaro ya shaƙe da abinci, me za ki yi? Wadda ta ce za ta ɗura masa ruwa ko ta cusa yatsa tana lalube, ba za a bar ta da yaro ba sai an koya mata. Masu turo "ina so" kawai ba su karanta ba, ki wuce su. Waɗanda suka rage ki kira su yinin gwaji, ki biya su kuɗin yinin, kuma kada ki bar ko ɗaya ita kaɗai da yara a ranar.