Tambayoyinku: Sola za ta iya riƙe mana suwimin ful na gida?

Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Maigida ya gina mana suwimin ful a bayan gida shekara biyu da suka wuce saboda yara da ni kaina, don ni dai ba zan iya zuwa na otal in shiga ruwa a gaban maza ba, kuma likita ya ce ninkaya za ta taimaka min da ciwon gwiwa. Tsawonsa mita 8 faɗi mita 4, zurfin in an daidaita kamar mita ɗaya da rabi. Toh matsalar injin da ke juya ruwan ne, wuta ba ta zama, in an kawo ma kuɗin ya yi yawa, janareto kuma ka san yadda mai yake, sai muka koma kunna shi awa ɗaya ko biyu da daddare, yanzu ruwan ya koma kore shar kamar kududdufi har sauro ya fara damunmu. Wani mai haɗa sola ya zo ya ce sai mun sayi manyan batir huɗu da inbata, kuɗin da ya faɗa ya tsorata ni wallahi. Da gaske ne sai da batir? Kuma in an sa solar shikenan ruwan zai dinga wanke kansa? Maigida har ya fara maganar a cike shi da ƙasa a shuka ciyawa.

Daga wata uwa a Kano

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙin gwiwar. Ki ba Alhaji haƙuri kar a cike shi tukuna, gyaran bai kai yadda kuke tsoro ba.

Mu fara da lissafi. 8 sau 4 sau ɗaya da rabi ya ba da 48, wato lita dubu 48 ke kwance a bayan gidanki, jarkar mai ruwa ta lita 25 guda 1,920 ke nan. Ruwan nan gaba ɗayansa ya kamata ya ratsa ta cikin filta aƙalla sau ɗaya kullum, da zafi ma a ƙara. Injin da aka fi sa wa kwami irin naki mai ƙarfin doki ɗaya ne, yana tura wajen lita dubu 10 zuwa 14 a awa gwargwadon bututu da yanayin filtar, kin ga ke nan awa uku da rabi zuwa biyar kafin ya zagaya da ruwan sau ɗaya, shi ya sa ake cewa awa 6 zuwa 8 a rana. Awa ɗaya da kuke ba shi ko kashi ɗaya cikin uku na ruwan bai tace ba, dole gansakuka ta samu wurin zama. Kuma na fahimci dalilinku, injin yana shan kusan yunit ɗaya a awa, awa 8 kullum yunit 240 ne a wata, a farashin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, da aka sanar a Afrilun 2024 na naira 225 kowane yunit, naira dubu 54 ke nan kan juya ruwa kawai, ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba a magana.

Maganar batir kuwa, a'a Hajiya, ba dole ba ne. Batir amfaninsa ajiye wuta don dare, shi kuwa kwami da rana yake buƙatar a juya shi, lokacin ne rana ke cinye kilorin, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwan, lokacin gansakuka ke girma, lokacin yara ke shiga. Wato daidai sa'ar da farantin sola ke ba da wuta ita ce sa'ar aikin, to me za a ajiye? Akwai injin kwami da aka ƙera don sola kai tsaye, mai aiki da wutar DC, wato irin wutar da farantin ke bayarwa, yana zuwa da ɗan akwatinsa da ke daidaita wutar, rana na ɗagowa ya fara juyawa a hankali, da azahar ya yi ƙarfi, bayan la'asar ya lafa da kansa. Kamfanin Lorentz na Jamus yana yin irinsa, akwai kuma na China masu sauƙin kuɗi. In kuma ba ku son jefar da injin da kuke da shi, ana iya sa masa inbata mai aiki da faranti ko babu batir, amma a sa babba kamar mai 3kVA, saboda irin wannan inji in zai tashi yana fizgar wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Faranti uku masu wat 550 za su riƙe inji mai doki ɗaya, in da hali a yi huɗu saboda hadarin watan Agusta da hazon hunturu. A kafa su suna kallon kudu, a ɗan karkace kamar digiri 12 zuwa 15, inda inuwar tankin ruwa ko bishiya ba ta faɗa musu. Ni da zan zaɓa miki, injin DC ɗin zan ce, don batir a zafinmu na Maris da Afrilu saurin lalacewa yake, kuma shi ne ya fi komai tsada a lissafin da aka kawo miki.

Amma fa solar juya ruwa kawai za ta yi, ba ta kashe ƙwayar cuta ba ta goge bango. Ga yadda za ku farfaɗo da wannan koren ruwan. A fara kwashe ganye da raga, musamman in akwai darbejiya kusa, a goge bango da ƙasan da burushi sosai har gansakukar ta saki. Ki sayi ɗan abin gwajin ruwa, ba shi da tsada, mai nuna kilorin da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. A saukar da pH da asid ɗin kwami zuwa wajen 7.2, don in ya haura 7.8 kilorin ba ya wani ƙarfi, za ki yi ta zubawa kina ganin kamar jabu aka sayar miki alhali ruwan ne bai daidaita ba. Sai a kawo garin kilorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, wajen gram 750 ga girman kwaminki, a narka a bokitin ruwa a zagaya ana zubawa bayan magariba, a wannan daren kam a daure a kunna janareto injin ya kwana yana aiki. In da safe da sauran kore a maimaita. Ruwan zai koma fari-fari kamar an zuba madara, wannan mushen gansakuka ne, nan alif zai yi miki aiki, shi dai alif ɗin da iyayenmu ke sa wa ruwan rafi ya kwanta, a narka a zuba a kashe inji ya kwana, gari na wayewa dattin ya taru a ƙasa sai a zuƙe shi da tiyo a zubar waje kai tsaye, kar a bi da shi ta filta. Kar kowa ya shiga sai ana ganin tayil ɗin ƙasa tarau kuma kilorin ya sauko tsakanin 1 da 3 a abin gwajin, a nan ake son ya zauna kullum, pH kuma 7.2 zuwa 7.6.

Ki gaya wa duk wanda ke muku aikin, ko mai gadi ne ko yaron gida: magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani, kuma kar a taɓa haɗa kilorin da asid, ko garin kilorin da na ƙwaya a mazubi ɗaya, hayaƙinsa na shaƙe mutum kuma yana iya kamawa da wuta.

Hunturu shi ne jarrabawarku. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Bodele a Chadi tana sauka a ruwan tana kuma rufe farantan, sai inji ya rage ƙarfi daidai lokacin da datti ya ƙaru. A wanke farantan sau biyu a sati da sassafe kafin su yi zafi. Filtar yashi kuma akwai agogo mai nuna matsin ruwa a samanta, in allurar ta hau da maki 8 zuwa 10 a ma'aunin psi sama da inda take in filtar na da tsabta, a yi mata bakwash, wato a juya ruwan ya bi ta baya ya wanke yashin ya fita waje. Marfi ma zai taimaka ƙwarai, don duk santimita ɗaya da ruwan ya sauka lita 320 ce ta bi iska, sai dai marfin roba mai ƙuraje yana ɗumama ruwa, da sanyi abin so ne, da bazara kuwa zai mayar miki da shi kamar ruwan wanka.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ba zan iya wucewa ba tunda kin ambaci yara. Dan Allah Hajiya, kafin a sayi faranti ko ɗaya, in babu shinge a kewaye kwamin nan, tsayin aƙalla mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta, sakatar a sama inda ɗan shekara uku ba zai kai ba. Yaro in zai nutse ba ya ihu ba ya fantsama ruwa, shiru ne, cikin 'yan mintuna kina kicin an gama, kuma koren ruwa irin na yanzu ko ƙasansa ba a gani. Marfi ba shinge ba ne, yaro na iya takawa ya zurma ƙarƙashinsa. Mai haɗa wutar kuma ya sa at, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, da birekar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai 30mA.

*

Salam Injiniya. Na ga ana tallar wani abu kamar faifai mai ɗan sola a kai, ana jefa shi a ruwa yana yawo, wai in ka sa shi ka rabu da sayen kilorin. Gaskiya ne? Ni ruwan bohol nake cikawa, kuma duk sanda na zuba kilorin sai ya koma ruwan ƙasa.

Daga wani magidanci a Kaduna

Alhaji abin yana aiki, amma mai tallar ya ƙara gishiri. A ƙasan faifan akwai sandar tagulla, 'yar wutar solar na sa ta saki tagulla kaɗan-kaɗan cikin ruwa, ita kuma tana hana gansakuka tsirowa. Ƙwayoyin cutar da ke fita daga jikin masu wanka kuwa ba ta kashe su da sauri, ba ta kuma cinye gumi da man shafawa, don haka za ka rage kilorin ne kawai. In tagullar ta yi yawa tana ɓata tayil da tabo shuɗi-kore, sai ka riƙa gwadawa kana ciro faifan in ta haura 0.4 a abin gwajin tagulla, sandar kuma a kankare ta duk sati don tana yin ɓawo, tana kuma cinyewa har a sake wata.

Launin ruwan ƙasan nan kuma sinadarin ƙarfe ne a bohol ɗinka, a narke yake ba a ganinsa, kilorin na taɓa shi sai ya zama tsatsa. In za ka ƙara ruwa ka fara tara shi a tanki ka sa masa ɗan kilorin ya kwana, tsatsar ta kwanta, sannan ka ja na saman zuwa kwamin. Wanda ya riga ya shiga kuwa alif da bakwash sau biyu ko uku za su fitar da shi.