Tambaya da Amsa: Sabar ta yi nauyi, ko laburaren zare ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta sabar da harshen C a kan Linux, duk haɗin da ya shigo sai in buɗe masa zarensa (thread, wato layin aiki mai gudana da kansa a cikin manhaja). Da masu shiga suka kai dubbai sai ta koma tafiyar hawainiya. An ba ni shawarar in sauya laburaren zare, ko in koma FreeBSD. Zai yi magani? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba zai yi ba, domin gasar da ke tsakanin laburaren zare ta daɗe da ƙarewa. Tsohon laburaren FreeBSD mai suna libc_r yakan ɗora dukkan zaruruwa a kan zare guda na kanel, wato zuciyar tsarin kwamfuta mai raba wa manhajoji aiki, idan ɗaya ya tsaya jiran faifai kowa ya tsaya. Wani laburaren, libkse, ya gwada raba zaruruwa masu yawa a kan na kanel kaɗan, rikitarwarsa ta yi yawa. Tun FreeBSD 7.0 a 2008 libthr ake amfani da shi: kowane zare da takwaransa a kanel. Haka NPTL yake a Linux, wanda ya gaji LinuxThreads da zuwan kanel 2.6 a 2003. Ka ga ko ka ƙaura, tsarin da ka baro za ka tarar.

Matsalar tana ga yawan zaruruwan. A glibc, laburaren C na yawancin Linux, kowane zare yakan keɓe sitak, wato wurin ajiyar bayanansa na wucin gadi, na megabait 8. Zare 10,000 kusan gigabait 80 ke nan na adireshi, ko da yake ba duka ke cin RAM ba. Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin da kanel ke ɓatawa wajen sauke wannan zaren ya ɗora wancan. Buga vmstat 1 ka dubi layin cs, mai ƙirga wannan sauyin, lokacin cunkoso, za ka gani da idonka.

Rage sitak da pthread_attr_setstacksize zai ba ka sarari na ɗan lokaci. Amma ka kula: musl, laburaren C da Linux na Alpine ke amfani da shi, kilobait 128 kawai yake bayarwa, shi ya sa manhajar da ke lafiya lau a Ubuntu takan faɗi a Alpine.

Gyaran gaskiya shi ne zaruruwa daidai adadin cibiyoyin furosesa, kowanne da epoll ɗinsa, wato hanyar da zare guda ke sa ido kan haɗi masu yawa a lokaci ɗaya, soket (ƙofofin haɗi) kuma marasa jira. Sa SO_REUSEPORT, wanda ya shigo a Linux 3.9, domin kanel ya raba musu haɗi. Karatun faifai da getaddrinfo, mai nemo adireshin IP daga suna, ka miƙa su ga wasu zaruruwa daban, saboda kira ɗaya da ya maƙale zai tsayar da dubban haɗin da ke hannun zaren. Ka kuma ɗaga ulimit -n, wato iyakar fayiloli da soket da manhaja za ta iya buɗewa a lokaci ɗaya, yawanci 1024 yake.

Sannan ka gwada da wrk, manhajar gwada ƙarfin sabar, daga wata kwamfutar daban, ka sa --latency, ka dubi jinkirin da kashi 99 cikin 100 na buƙatu ba su wuce ba, kada ka tsaya ga matsakaici.