Ba ƙura ba ce, ƙanena

Ƙanena, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don na san wannan garin sarai. Ka ce ka ga wani gari mai laushi, ruwan ƙasa, ya taru a ƙarƙashin busassun ƙwarin da kuke adanawa a kan fil a durowa uku na gidan tarihinku, har kawunan wasu sun fara gangarowa, kana tambaya ko kafur za ka ƙara ko feshi za ka yi. Ajiye gwangwanin feshin nan tukuna. Abin da kake gani ba ƙura ba ce, kashin tsutsa ne, kuma mai kashin yana nan cikin cikin ƙwaron yana ci, yanzu haka da muke magana.

Ɗauki gilashin hannu mai ƙara girman abu ka leƙa kusurwoyin durowar. Za ka ga wasu 'yan busassun fatu masu gashi-gashi, tsawonsu bai wuce milimita 4 ko 5 ba. Saɓar tsutsar wani ɗan ƙwaro ke nan da ake kira Anthrenus. Uwar ƙarama ce, zagayayya, mai dabbare-dabbare, ita furanni take bi, a bakin taga ma aka fi tsintarta. Ƙwai kawai take shigowa ta saka mana ta tafi. Tsohuwar gaba ce tsakaninmu da su, tun 1761 Linnaeus, masanin da ya tsara yadda ake sa wa halittu sunan kimiyya, ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna museorum, wato ta gidan tarihi. Ka ga ba a kanka farau ba.

Ni a kaina ta faru, kuma ba zan manta ba har in mutu. Wani dattijo da ya yi shekaru yana tara malam-buɗe-littafi da buzuzu ya rasu, iyalinsa suka kawo mana akwatunansa kyauta. Ina hutu a lokacin. Shugaban sashenmu, da yake ana sa ran manyan baƙi, sai ya sa aka zuba akwatunan kai tsaye cikin babbar kabad, kusa da durowar da muke ajiye samfuran asali, masu jar takarda, waɗanda a kansu aka siffanta nau'in tun farko. Da na dawo na ce a fitar da su a sa a firiza. Ya ce in daina ƙaƙale, ai mutumin ƙwararre ne, kayansa tsaf suke. Na rubuta masa a takarda, ya ninke ya sa a aljihu. Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne laifina, na yarda.

Bayan wata biyar na jawo wata durowa don in nuna wa wata ɗaliba. Ta cikin gilashi komai lafiya lau, fukafukai a shimfiɗe. Ina ɗaga murfin, iskar da ta shiga kawai ta isa. Fukafukan suka zube kamar toka, jere bayan jere, aka bar fil tsirara da takardunsu. An cinye jikin daga ciki, ɓawo ne kawai ya rage yana riƙe da su. Na tsaya da murfin a hannu na kasa ajiyewa. Ɗalibar ta ce, "Malam, lafiya?" Wallahi ban iya amsa mata ba. Durowa 11 muka rasa, har da samfurin asali guda biyu, abin da ba ya da madadi a duk duniya. Kuma ka san me? A taron da aka kira, mutumin nan ya dube ni a gaban kowa ya ce sakacin mai kula da ɗaki ne, wai ban sa isasshen kafur ba. Takardar da na ba shi kuwa ko sama ko ƙasa. Ni aka ba takardar gargaɗi, shi aka ƙara masa girma. Har yau idan na ji warin kafur sai raina ya ɓaci.

To, ka yi haƙuri, na kauce. Ga abin yi yau ɗin nan, ba gobe ba. Fitar da durowa ukun, da na samansu da na ƙasansu, ko da ba ka ga komai a cikinsu ba. Kowace ka sa ta a leda mai kauri, ka matse iskar, ka liƙe bakin ruf. Sai firiza. Idan sanyinta ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, a bar su aƙalla mako guda, ni dai biyu nake yi don hankalina ya kwanta. Idan kuna da mai kaiwa 30 ƙasa da sifili, kwana uku sun isa. Kada ka cunkusa su, so ake sanyin ya same su da sauri, don tsutsar nan tana jure sanyin da ya zo a hankali. Firiza mai narkar da ƙanƙara da kanta ba ta dace ba, tana ɗumama tana sanyaya. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya har kayan suka saki, ka soma lissafi daga farko. In ka fito da su kuma kada ka buɗe ledar sai bayan awa 24, raɓar ta taru a bayan leda, ba a kan ƙwarin ba. Na taɓa gaggawa na buɗe, bayan mako biyu fumfuna ta yi musu farin gemu.

Bayan haka ka share garin nan tas da ɗan burushi mai laushi. Ba don kyau ba. Idan ka bar tsohon, ba za ka gane sabo ba in sun dawo.

Kafur kuwa, wato ƙwallayen naftalin, ka daina dogara da shi. Kora yake yi, ita ma ba sosai ba, wanda ya riga ya shige cikin ƙwaro ko a jikinsa. Ɗan'uwansa PDB, wani sinadarin korar ƙwari mai kama da shi, ya fi shi kisa, amma yana narkar da wasu robobi da farin soson nan da ake soke fil a kai, sai ka tarar fil ya kwanta. Dukansu kai kake shaƙa awa takwas a rana, dukansu kuma suna cikin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji. Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallayen naftalin tun 2008. Feshi ya fi muni, yana jiƙa samfur, ya ɓata launi, ya bar maiƙo a takarda, kuma ba ya kaiwa inda tsutsar take. In kuna da tsofaffin akwatuna na da can, ka riƙa sa safar hannu, don mutanen da har da arsenik da gishirin makuri suke sawa.

Abin da ya fi duk wani magani shi ne murfin da ke rufuwa gam. Ka riƙe durowa a haske ka duba gefen murfin, in takarda za ta iya shiga, jaririyar tsutsa ma za ta shiga. Ka kuma nemi ɗan ma'aunin laima ka rataye. Tsakanin kashi 40 zuwa 55 shi ne daidai, in ya haura 65 ya zauna, ka jira fumfuna da 'yan ƙananan fararen ƙwarin nan masu gudu a kan takarda. Ka ajiye tarko mai gam a gindin bango da bayan kabad, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka duba duk wata. Sheƙar tsuntsu a jikin taga ko mataccen ɓera a silin, nan ne gidansu na ainihi, daga can suke yi mana aike.

Don Allah, wanda aka cinye kada ka zubar da fil ɗinsa. Wannan shi ne abu na biyu da ya ƙona min rai, don kafin in farga mai shara ya kwashe min na durowa biyu, bisa umarnin wannan mutumin dai, wai kada baƙi su ga ɓarna. Takardar da ke jikin fil, mai wuri da rana da sunan wanda ya kama, ita ce rabin darajar samfurin. Ƙafa ɗaya ma in ta rage, ka sa ta a ƙaramin kafso ka soke a fil ɗin, ana iya ciro DNA daga gare ta. Kan da ya faɗi kuma, in ba ka tabbatar da mai shi ba, kada ka liƙa wa kowa. Gara marar kai da mai kan aro, wani zai zo nan gaba ya ɗauka sabon nau'i ya gano.

Tunda kana ciki, ka duba ko akwai wani koren abu kamar gashi da ke fitowa daga jikin fil. Wannan ba ƙwaro ba ne, tagullar tsohon fil ce ta haɗu da kitsen jikin samfurin, kuma tana iya tsaga shi biyu. Sababbi ka yi amfani da fil na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 2 ko 3 sun wadatar ga yawancinsu. Samfuran da ke cikin kwalba ma ka leƙa su, itanol, wato barasar da aka jiƙa su a ciki, kada ya gaza kashi 70, kuma barasar ce ke fara tashi ta bar ruwa, don haka cikawa kawai ba tare da aunawa ba yaudarar kai ce.

Ka ɗauki hoton komai, da samfurin da takardunsa, ka ajiye kwafi a wajen ginin. Gobarar gidan tarihin ƙasar Barazil a Rio, ranar 2 ga Satumba 2018, ta lashe ƙwari kusan miliyan 5 a dare ɗaya. Ni nawa bai kai ko ƙurar wannan ba, amma na san yadda ake neman hoton abin da ya riga ya tafi a rasa.

Sannan ka rubuta rahoto yau, da hotunan garin, ka aika wa na samanka ta imel, ka riƙe kwafinka. Kada ka miƙa takarda hannu da hannu kamar yadda na yi. Duk akwatin da zai shigo ɗakin nan, na kyauta ne, na aro ne da aka dawo da shi, ko na farfesa ne, sai ya kwana a firiza. In wani ya ce a tsallake, ka ce to ranka ya daɗe, a sa min hannu a nan.

Ka turo hoton saɓar in ka same ta, ka kuma faɗa min ko durowoyin ukun a kabad ɗaya suke, da abin da ya shigo ɗakin a 'yan watannin nan.